Irin Nonon Marigayiya

Shekara uku da 'yan watanni na yi ina kiwon dabbobin da ban taɓa gani da idona ba, ban ma san kiwo nake yi ba sai da suka mutu. Da na sani da wuri, da na nemi a riƙa ce mini Ardo.

Matata Bafillata ce, daga wata ruga ta bayan Gangara. Ni kuwa manomin wake ne na nan gefen Cadawa. Kakana daga kudu ya hauro da jaki ɗaya da surutu mai yawa, jakin ya mutu, surutun muka gada. Yadda aka yi iyayenta suka ba Kaɗo 'yarsu, har yau ina ganin ba su yi bincike sosai ba. Ranar da aka kawo ta cikin amalanke, ta zo da karsana ɗaure a baya, da ƙorai, da wata 'yar ƙwarya rufe da faifai wadda ta riƙe bisa cinya tun daga rugarsu har ƙofar gidanmu, ba ta yarda kowa ya kama mata ba. Na zaci zinariya ce. Ashe nono ne, bai wuce ludayi uku ba. Uwarta ta zuba mata daga nata, ita ma uwar wajen tata uwar ta samo. Iri take ce masa, kamar yadda muke ce ma geron da aka ware don shuka.

Shekara arba'in da ɗoriya ina ganin aikin nan kowace safiya kafin in fita gona. Ta tatso madara, ta tafasa, ta bari ta huce har ƙaramin yatsanta ya iya zama ciki, sannan ta ɗebo ludayi guda na jiya ta zuba, ta juya, ta rufe, ta kai kusurwar ɗaki. Washegari ya kama. In ka tsayar da ludayi a cikinsa sai ya ɗan yi tunani kafin ya faɗi. Tsaminsa ba ya tare ka bakin ƙofa, sai ka haɗiye yake biyo ka a hankali. Na sha nono a Maradi, na sha a Gidan Sori inda na yi ƙwadago ina saurayi, na sha na leda mai sanyi da ake sayarwa a tasha, duk ladabi kawai nake yi musu.

Ta rasu bayan kaka, ciwon kwana biyu. Ran sadakar uku na shiga ɗakinta neman tabarma don baƙi, sai na ga ƙwaryar a kusurwa da faifanta. Wanda ta haɗa da safen da ta kwanta ne. Ya kama, ya yi tsami fiye da yadda take bari. Na tsuguna nan gabansa har aka aiko nemana. Washegari na sa matar ɗana ta tatso mini madara, na ce ta ajiye ta fita. Na hura wuta da kaina, na ƙona yatsa, na ƙona gemu kaɗan, na zuba ludayi guda. Allah da ikonsa, ya kama.

Da labari ya kai ƙofar masallaci, tsofaffin banza irina suka sa mini Inna. In na iso sai wani ya ce a matsa ma Inna, kada zanenta ya kwashi ƙasa. Na ce musu ilimi ne, wanda bai shiga lakol ba ba zai gane ba. Aji uku na yi kafin ubana ya ga wake ya fi mushe, malamin lakol, bukatata, amma aji uku na da, ku tambaya, ya fi karatun yanzu nauyi, don da bulala ake auna shi.

Na kafa dokoki. Ba mai taɓa ƙwaryar sai ni. Ba sabulu, ba ruwan zafi, ɗauraya kawai da ruwan randa, don a wajena hannunta na nan cikin ƙwaryar, ni kuwa ba zan wanke shi ba. In saniya ta daina ba da madara, in samo wajen makiyayan da ke sauka gonata bayan girbi, in ya ƙure in dama madarar gari. Ban taɓa barin kwana biyu su wuce ban sabunta ba. Ɗana ya yi ta fama in je Maradi a duba mini ido, na ce sai in za a tafi da safe a dawo da yamma. Ba yunwa ke sa ni ba. In na kurɓa, na ɗan lokaci sai in ji kamar tana bayan ɗaki tana faɗa da kaji, yanzu za ta shigo ta ce na zauna mata bisa faifai.

Cikin bazarar bara, wata safiya na ɗaga faifai na ga ruwa-ruwa. Na ce zafi ne. Na ƙara iri, ludayi biyu maimakon ɗaya. Washegari ya fi jiya lalacewa. Sai na yi dabarar masu ilimi: na raba shi ƙwarya uku, in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi, na bi su da ludayin nan nata ina juyawa ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun suka ƙi. Na sauya kusurwa. Na tofa abin da na sani. Na fara lissafin waɗanda suka yabi nonon a 'yan kwanakin nan, ko baki ne ya kama shi. Ran kwana na biyar wari ya fara fita, wari irin wanda ban taɓa ji ba a ɗakin nan.

Ran nan jikata ta iso hutu. 'Yar babban ɗana ce, tana karatu a Maradi, karatun ƙananan halittu, irin waɗanda sai an leƙa ta madubi ake ganinsu. Tun tana goyo nake ce mata amarya, ita kuwa da ta yi baki ta sa mini ango. Ta iske ni zaune gaban ƙorai uku kamar mai zaman makoki.

"Ango, mi ya ɓata maka fuska haka? Ko ka ji labarin na yi saurayi?"

"Wa zai kwashe ki? Zo ki ga abin da ya fi ki muhimmanci."

Ta tsuguna ta shinshina, ta yamutsa fuska, dariyar ta tafi. Ta san nonon wa ke nan.

"An yi ma saniyar allura kwanan nan?"

"Lafiyarta lau, ta fi ki ƙiba."

"Sabulu ya shiga?"

"Wannan tambayar ki kai ma wani."

"Kana tafasawa kullum?"

Nan na duba rufin ɗaki. Akwai ranar da nake saurin zuwa wani suna, madara ta ƙi hucewa, sai na tsiyaya mata ɗanya, wadda wani makiyayi mai wucewa ya ba ni, don ta yi sanyi da sauri. Na faɗa mata haka, na ce dabara ce.

"Dabara ce," in ji ta. "Ka san abin da ke kama nono?"

"Hannun kakarki."

"Da shi, da waɗansu."

Ta ɗauko tsinke ta zauna ƙasa bakin ƙofa, ta share wuri ta fara zane. Ta ce cikin ludayin nan guda da nake zubawa akwai halittu masu rai da ba su ƙirguwa, bakteri ake ce musu. Zaƙin madara suke ci, su fitar da tsami, tsamin ne ke sa nono ya kama. In ɗaya ta ƙoshi sai ta tsage biyu, biyu su zama huɗu, haka har su cika ƙwarya. Ta ce su nake kiwo tun rasuwar kakarta.

Na ce, "Wato garke gare ni."

"Garke gare ka. Kuma ina jin annoba ce ta shiga masa."

Ta zana wani abu kusa da na farkon, ƙarami ƙwarai, kai da doguwar wutsiya, kamar tsinken ashana. Ta ce wannan birus ne, mai cin bakteri. In ka ajiye shi gefen bakteri, kamar ka ajiye ƙwayar gero ce gefen tulu. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa da kansa. Zai iya zama cikin ɗanyar madara ko cikin tsagar ƙwarya kamar ƙura, sai ya yi karo da irin bakterin da ya dace da shi. In ya same ta, sai ya dafe bangonta da wutsiya, ya huda, ya tura abin da ke cikin kansa. Ƙwanson kuwa a waje yake zama, aikinsa ya ƙare.

"Mi ke cikin kan?"

"Rubutu. Umarni ne na yadda ake ƙera irinsa."

Na ce ai na gane, ba sai ta wahala ba, ƙwarin wake ne. Mu da muka tsufa cikin wake. Uwar ta yi ƙwai bisa ƙwaya, ɗan ya shiga ya cinye ciki, ya hudo ya fito, ka buɗe buhu ka iske gari.

"Ka kusa, ango, amma ƙwaron wake da bakinsa yake shiga, shi ke ci da kansa. Wannan ba shi da baki ba shi da hannu. Ka ɗauka waken ne da kansa zai karanta takarda, ya bar zama wake, ya shiga ƙera ƙwari da naman jikinsa."

Wannan ko a aji uku ba a faɗa mana ba. Ta ci gaba. Ta ce ita bakterin ba ta bambance rubutun baƙo da nata, duk abin da ta iske a ciki karantawa take ta aikata. Sai ta ajiye aikin tsami. Nan ta kwafi rubutun baƙon sau da yawa, nan ta ƙera kawuna, nan wutsiyoyi, a cusa rubutu cikin kowane kai, a haɗa da wutsiya. In sun cika, a ƙarshen umarnin akwai na fasa bango. Ta fashe, su fito da yawa, kowanne ya nemi ta kusa. Ta ce kafin tukunyar wake ta nuna an gama zagaye ɗaya an shiga na biyu. Ta ce akwai ma waɗanda in sun shiga sai su lafe, rubutunsu ya manne cikin na mai gida, ta yi ta tsagewa da shi 'ya'ya da jikoki, ba a sani ba, sai ran da wahala ta zo su tashi.

"Baƙon da ya fi wannan rashin kunya ban taɓa ji ba," na ce. "Mu fa? Na sha na shekaranjiya."

"Ba ruwansa da kai. Ƙofa ɗaya ya sani, kai ba ka da ita."

"To a yi musu allura."

"Ba a yi." Ta dubi ƙorai ukun. "Da ludayi ɗaya ka juya su?"

Na ce da wanne zan juya, ludayi nawa kakarta ta bari.

"To kai ka yi musu kabu-kabu, gida gida."

Ta ce ba za ta rantse ba sai an kai an duba, don akwai wasu abubuwan da ke hana nono kamawa, amma alamun sun yi kama. Na tambaye ta abin da nake son tambaya tun farko, ko akwai sauran masu rai a ciki. Ta daɗe tana share zanen da tafin hannu. Ta ce wataƙila akwai kaɗan, don kullum akan samu masu tsira, amma warin nan na nufin waɗansu ne daban suka cika wurin, masu ruɓarwa. In na ci gaba da zubawa, su zan yi ta kiwo. Ta ce sai an zubar, a tafasa ƙwaryar da ludayin sosai, a shanya a rana, a nemo sabon iri.

"A tafasa ƙwaryar," na ce.

"Kaka," in ji ta. Ba ta cika ce mini haka ba.

Na ɗauki sandata na tafi gona, ko da yake ba abin da ke gona cikin bazara sai kututturan gero. Na zauna gindin gawo. Abin da ya dame ni ba mutuwar garken kaɗai ba ce. Ran da matata ta rasu ba laifina, likita ya faɗa, liman ya faɗa. Wannan kuwa ni ne, da saurin zuwa cin naman suna. Abu ɗaya mai rai ta bari a hannuna, tun daga kakarta yake tafe, a hannun Kaɗo ya tsaya.

Can na tuna uwar matata 'ya'ya mata biyu ta aurar. Ƙanwar na nan bayan Gangara. Tun zaman makoki ban je ba, na yi ta cewa ƙafa. Gaskiyar magana muryarsu ɗaya, in ta yi dariya daga bayan zana ba ka bambancewa, ni kuwa ban shirya jin wannan ba.

Ran kasuwar Gangara na hau moto da safe, da 'yar roba mai murfi wadda jikata ta tafasa ta naɗe mini cikin tsumma. Na iske ƙanwar matata gindin bukka tana burga nono. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Kaɗo, ashe kana da rai. Na ce ko ka yi amarya ta hana ka fita."

"Ke nake jira ki gama tsufa in ɗauka da sauƙi."

Ta yi dariyar nan. Na dubi wani wuri sai da ta gama. Bayan gaisuwa da ruwa na faɗa mata abin da ya kawo ni, tun daga ran sadakar uku har zuwa ƙorai uku. Na so in yi mata bayanin mai kai da wutsiya, ta ce in bar shi nan, nono dai ya mutu. Na ce ya mutu, irin uwarku da Addarki ta riƙe shekara arba'in ba yankewa, ni na kashe shi.

Ta ajiye maburgi.

"Ba yankewa? Wa ya faɗa maka?"

"Ni na gani."

"Mi ka gani? Kai dai sha kake. Sau nawa na Adda ya mutu ta zo nan na ba ta. Shekarar da ka kwanta asibiti da ƙafa ta yi sati biyu tana jinyarka, wa ka zaci ya riƙe mata? Aljani? Nawa ma ya sha mutuwa in aika wajenta. Akwai shekarar da duka biyun suka mutu wata ɗaya, wajen wata Buzuwa muka roƙo a kasuwa."

"Buzuwa."

"Ka sha, ka ce nonon uwarmu ba irinsa."

Sai na tuna tafiye-tafiyen nan nata na ba shiri. In dawo daga gona ta ce gobe za ta je ta gaida ƙanwarta, mafarkinta ta yi. In yi ta mita kan yawan mafarki. Ta tafi da 'yar ƙwarya cikin zane, ta dawo kafin la'asar, ba ta zauna ko'ina ba.

"Mi ya hana ta faɗa mini?"

"Ta ce kana cika baki da shi gaban mutane, tun daga kakarmu, tun daga kakarmu. Ta ce a bar ka, yana maka daɗi." Ta ɗauki maburgin ta sake ajiyewa. "Ƙwaryar fa, kana zuba mata ruwan zafi?"

Na ce shekara uku ko ɗumi bai taɓa ta ba.

"Wayyo Adda. Ita da ke ƙona ƙoranta da tafasasshen ruwa ta kife su a rana. Kana gona lokacin. Shekara uku, Kaɗo, ai nonon nan ya yi maka kara."

Ta karɓi robar ta cika daga wanda ta haɗa jiya. Ta jiƙa tsumman ta naɗe, ta ce kada in tsaya surutu a kasuwa, rana na kashe shi. Da na miƙe ta ce in ya sake mutuwa in zo, in bai mutu ba ma in zo, ita ma ba ta da wanda za ta yi maganar Adda da shi, yaran yanzu sun gaji da ji. Na ce zan duba cikin ayyukana. Na riƙe robar bisa cinya har Cadawa.

Ni na zubar da ƙorai ukun bayan gida. Jikata ta ce ta tafasa mini ƙwaryar, na ce a'a. Na ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa, na sa ludayin, na sa ƙwaryar, na danna ta da icce don ta nutse. Wani maiƙo ya taso bisa ruwan, fari-fari, ya yi ta zagaye. Na tsaya har ya watse. Na kife su a rana, da yamma na tafasa madara har sai da jikata ta ce ya isa haka, ba fata ake jima ba. Na jira ta huce da kanta. Na zuba.

Da safe ya kama, fari, santsi, ba ruwa a sama. Jikata na tsaye bakin ƙofa da butar alwala a hannu. Na ɗebo na kurɓa, na riƙe a baki kafin in haɗiye. Mai daɗi ne, ba wanda zai ce ba mai daɗi ba ne.

"Shi ne?" in ji ta.

Na sake kurɓa. Na nemi ɗanɗanon nata a bakina don in gwada, sai na iske wanda nake tunawa na hannuna ne, na shekara ukun nan. Nata na can bayansa, ban iya kaiwa gare shi ba.

"Ban sani ba," na ce.

Ta tsaya tana jiran in ƙara wata maganar banza kamar yadda na saba. Na nema ban samu ba. Sai ta ajiye butar, ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni, muka sha tare, muka rage na gobe.